Ƙugin Ƙafar Baya: Canza Boris da Kayan Ƙasan Mota da Suka Gaji

Tambaya: Motata ƙarama ce mai jan gaba, ta yi tafiyar kusan kilomita 180,000. Kwanan nan ta fara wani ƙugi daga baya idan na ɗauki gudu, kuma idan na hau gargada ina jin ƙwanƙwasa a ƙarƙashinta. Bakanike ya ce boris ɗin ƙafar baya ne ya mutu, ya kuma ce sai an haɗa da shakazoba da bushin. Shin dole ne a canza su duka, kuma me ya kamata in sa ido a kai idan za a yi aikin, ko kuwa zan iya yi da kaina?

Amsa: Malam, abin da ka kwatanta alamomi biyu ne mabambanta, kuma yana da kyau ka raba su tun daga farko. Ƙugin da ke tashi tare da gudu yana fitowa ne daga wani abu mai juyawa, wato taya, ko boris (zoben ƙarfe mai ƙwallaye da ƙafar ke juyawa a kansa), ko birki. Ita kuwa ƙwanƙwasar da ake ji a kan gargada daga abin da ke hawa da sauka take fitowa, wato shakazoba da bushin (robar da ke cikin mahaɗi) da sauran mahaɗan da ke riƙe da ƙafar. Motar da ta yi irin wannan tafiya ba abin mamaki ba ne a ce duka ɓangarorin biyu sun gaji a lokaci guda, saboda haka ba zan yi saurin ƙaryata bakanikenka ba. Sai dai gajiyar kaya aba ce da ake tabbatarwa da ido da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kafin a sayi ko da noti guda. Abu na biyu da nake so ka riƙe, wanda kuma a kansa mafi yawan amsar nan za ta tsaya, shi ne cewa ƙarkon wannan aiki ya fi rataya a kan yadda aka ɗaura kayan fiye da sunan kamfanin da ke jikin kwalinsu.

Mu fara da ƙugin. Boris ɗin da ya soma lalacewa yakan yi gurnani mai kauri wanda sau da yawa ba a jin sa a ƙaramin gudu, sai mota ta kai kamar kilomita 40 zuwa 60 a awa, daga nan kuma ya riƙa ƙaruwa gwargwadon gudun. Ba ruwansa da inji, shi ya sa idan ka cire giya ka bar motar tana tafiya da kanta, injin ya yi ƙasa amma sautin yana nan yadda yake, to ka san daga ƙafa yake. A kan titi mai faɗi wanda babu cunkoso, ka karkata sitiyari a hankali zuwa hagu, sannan zuwa dama. Idan ka karkata hagu nauyin motar yana komawa kan ƙafafun dama, don haka ƙugin da ya ƙaru a wannan lokaci yawanci na boris ɗin dama ne, haka ma akasinsa. Na ce yawanci, domin boris ɗin zamani layi biyu ne na ƙwallaye, kuma akwai lokacin da layin da ya lalace yake ɗaukar nauyi ta ɗaya ɓangaren, sai gwajin ya nuna maka ƙafar da ba ita ba. Jikin mota ma yana yawo da sauti, har direba ya rantse daga gaba yake jin abin da ke baya, saboda haka ka sa wani ya zauna a kujerar baya ya saurara.

Kafin ka yanke wa boris hukunci, ka shafa tafin hannunka a kan tayoyin baya, ka zagaye su gaba ɗaya. Tayar da ta ci ba daidai ba, wadda za ka ji tudu da kwari a jikinta, ko gefenta ya zama kamar haƙoran zarto, tana yin ƙugin da ko ƙwararre yakan ɗauka na boris ne. Bambancin shi ne kukan taya yana sauyawa idan an sauka daga kwalta mai laushi zuwa mai kaushi, na boris kuwa ba ya sauyawa sosai. Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da tayoyin baya gaba, na gaba su koma baya, a sake fita gwaji. Idan sautin ya bi tayar ya koma gaba, boris ɗinka lafiyarsa ƙalau. A nan ne ma ƙorafe-ƙorafenka biyu za su iya haɗuwa, domin shakazobar da ta mutu ba ta iya danne taya a ƙasa, sai tayar ta riƙa tsalle ƙanana-ƙanana a kan titi, wannan tsalle kuwa shi ke sassaƙa mata tudu da kwarin da ke kawo ƙugi. Ke nan yana yiwuwa shakazoba ce tushen abubuwan biyu, kuma wanda ya canza boris kaɗai zai biya kuɗi ya koma gida da ƙuginsa.

Sauran binciken sai an ɗaga motar. A tare ƙafafun gaba da kyau, a ɗaga baya, a ɗora motar a kan matokaran ƙarfe da aka yi domin haka, domin jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin motar da shi kaɗai ke riƙe da ita. A saki birkin hannu, a kama tayar da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a jijjiga ta ciki da waje. Boris ɗin zamani da ake rufewa tun daga masana'anta bai kamata a ji masa wasa ko kaɗan ba. Idan an ji wasa, a sa wani ya taka birki a sake jijjigawa: wasan da ya ɓace bayan taka birki na boris ne, wanda ya ci gaba kuwa daga bushin ko wani mahaɗi yake. Sai dai rashin wasa ba shaidar lafiya ba ne, domin boris yakan daɗe yana kuka kafin ya fara lilo. Dabarar da na fi amincewa da ita ita ce a juya tayar da ƙarfi, a ɗora hannu a kan sifirin ko jikin shakazoba. Boris mai lafiya ba ya aiko da komai, mai ciwo kuwa za ka ji gurzarsa tana ratso ƙarfen har yatsunka. A gwada ɗaya ƙafar domin kwatanci. Zafin da ya wuce kima a tsakiyar wili bayan tafiya shi ma alama ce, amma birkin da ya maƙale yana kawo irin wannan zafi, don haka ba a dogara da shi kaɗai.

Idan an tabbatar boris ne, kada a ja lokaci. Yakan yi makonni yana kuka, amma babu mai iya faɗa maka ranar da zai daina kukan ya kama, ko ya tarwatse ya ci sandar da yake zaune a kai, ko a mafi muni ƙafar ta rabu da motar. Ba dole ba ne a canza na ɗaya gefen idan gwaji ya nuna lafiyarsa lau. Boris ba ya cikin kayan da ake canzawa bibbiyu.

Yadda za a yi aikin ya dogara da irin boris ɗin da ke motarka, kuma iri uku ne aka fi samu a ƙafar bayan ƙananan motoci. Na farko shi ne tsohon salo, boris biyu masu 'yan sanduna masu tsini a maimakon ƙwallaye, ɗaya ciki ɗaya waje, irin wanda Henry Timken ya yi wa rajista a Amurka a 1898, wanda kuma har yanzu ana samun sa a tsofaffin motoci masu gangar birki a baya da tireloli. Shi ana wanke shi, a cusa masa giris har ya ɓullo ta ɗaya gefen, a canza zoben da yake gudu a kai tare da shi, a sa sabon sil, wato robar da ke hana giris fita. Notinsa ba a ɗaure shi tamau. Ana matse shi ana juya ƙafar domin komai ya zauna, sannan a sassauta, a mayar da shi da ɗan ƙarfin hannu, a kulle da sabon fin, ta yadda zai rage ɗan wasa kaɗan wanda a ma'auni bai wuce kashi 1 cikin 10 na milimita ba, ko kusa da haka. Wanda ya ɗaure wannan iri tamau, zafi zai narkar da giris ɗin ya ƙone boris ɗin cikin ɗan lokaci.

Na biyu shi ne boris rufaffe guda ɗaya wanda ake dannawa cikin gangar birki ko cikin ƙarfen da ke riƙe da ƙafa, a kulle shi da zoben ƙarfe. Na uku, wanda ya fi yawa a motocin da aka ƙera daga shekarun 2000 zuwa yau, shi ne hob sukutum, boris da farantin da wili ke zama a kai a haɗe, wanda ake ɗaurewa da ƙusoshi huɗu daga baya, ko da babban noti guda a tsakiya. Toyota Corolla da Camry na waɗannan shekaru, alal misali, mai ƙusoshi huɗun suke amfani da shi. Wannan iri ya fi tsada a saye, amma ya fi sauƙin aiki, kuma ya fi wuyar ɓatawa wajen ɗaurawa. Motocin a-kori-kura masu jan baya da dogon aksul nasu tsarin daban ne, domin boris ɗinsu a jikin sandar aksul ake danna shi, sai an zaro sandar gaba ɗaya, kuma dole a canza sil da zoben riƙo tare, in ba haka ba man difaranshal zai zubo ya jiƙa birki. Tunda taka mai jan gaba ce, ba zan tsawaita a kansu ba.

Wajen kwancewa, a cire wili, a cire kalifa (ƙarfen da ke matse faifan birki) idan birkin faifai ne, a rataye ta da waya a jikin sifirin. Ba a barin ta tana reto a jikin robar man birki, domin robar takan lalace daga ciki ba tare da an gani ba. Motar da birkin hannunta na lantarki ne sai an sa shi a yanayin gyara tukuna. Idan ganga ce ta ƙi fita, a sassauta saitin takalman birki ta ramin da ke bayan faranti maimakon a yi ta dukanta. A zare wayar ABS (tsarin da ke hana ƙafa kamewa idan an taka birki da ƙarfi) a hankali kafin a taɓa ƙusoshin hob, domin ita ce abin da aka fi tsinkawa cikin gaggawa. Hob ɗin da tsatsa ta kama a mazauninsa, a jiƙa shi da man kwance tsatsa a ba shi lokaci. Tsohon da za a jefar ana iya bugunsa, amma a kiyaye farantin birki da mazaunin. Bayan ya fita a kankare mazaunin da burushin ƙarfe har sai ya yi sumul, domin ɗan ɓarɓashin tsatsa da ya rage a ƙarƙashin sabon hob ya isa ya karkatar da shi, faifan birki ya riƙa lilo, feda ta riƙa bugun ƙafa.

Inda aka fi kashe sabon boris shi ne wajen danna iri na biyu, kuma a nan nake so ka tsaya a kan bakanikenka ka ga abin da zai yi. Boris yana da zobe biyu, na waje da na ciki, ƙwallaye suna tsakaninsu. Ƙa'idar guda ɗaya ce: ƙarfin dannawa ya bi ta zoben da ake shigarwa, kada ya taɓa ratsawa ta cikin ƙwallayen. Idan ana shigar da boris cikin mazauninsa, zoben waje kaɗai ake dannawa. Idan kuma ana shigar da hob ko sanda cikin boris ɗin, sai a tokare zoben ciki daga baya. Wanda ya danna zoben ciki domin ya tura na waje, ko ya ɗauki guduma ya yi ta bugu, kowane bugu yana sa ƙwallayen su lotsa hanyar da suke gudu a kai. Ido ba ya ganin lotsawar, ƙafar za ta juya lafiya a ranar, amma bayan 'yan watanni ƙugin zai dawo, a ɗora wa kamfani laifi. Aikin na injin matsi ne, ko na'urar zare mai dogon ƙusa da faranti masu girman zoben daidai. Sau da yawa rabin zoben ciki na tsohon boris yakan maƙale a jikin sanda. Ana ciro shi da abin jawo boris, kuma idan sandar ta ci, ko ta yi shuɗi saboda zafi, ko sabon boris yana shiga cikinta da wasa, to ita ma ta tashi aiki. Ba a gasa rufaffen boris da wuta domin ya shiga, domin giris da robobin sil ɗinsa ba sa jure haka, kuma ba a ɓalle sil ɗinsa domin a ƙara masa giris, tunda abin da aka zuba masa a masana'anta shi ne na iya rayuwarsa.

Akwai kuma batun fuska. Yawancin boris na motoci masu ABS suna ɗauke da zoben maganaɗisu a cikin sil ɗin gefe ɗaya, wanda na'urar auna gudun ƙafa ke karantawa. Gefen nan dole ya fuskanci na'urar. A ido gefunan biyu sun yi kama, shi ya sa ake gwadawa da katin gwaji ko ɗan siririn ƙarfe mara nauyi, gefen da ya ja shi shi ne mai maganaɗisun. Idan aka juya shi, fitilar ABS za ta kunna da zarar an fara tafiya, kuma babu magani sai sabon boris, domin fitar da wanda aka danna yana lalata shi. Kada a ajiye wannan gefe kusa da maganaɗisu mai ƙarfi ko a kan benci mai garin ƙarfe. Wajen saye ma a lura, domin mota iri ɗaya tana iya samun hob mai ABS da mara shi, don haka da lambar shasi ake neman kaya, ba da sunan mota da shekara kawai ba.

Sai ɗaurin babban noti, wanda mutane da yawa ke ɗauka cewa iyakar aikinsa hana ƙafa fita. A boris na iri na biyu, da hob mai noti a tsakiya, wannan noti shi ke matse rabi biyun zoben ciki wuri guda, wato shi ke saita matsin da ƙwallayen za su yi aiki a ciki. Idan bai kai ba boris zai yi wasa ya cinye kansa, idan ya wuce zai yi zafi. Awonsa ya bambanta sosai daga mota zuwa mota, a wasu yana kusa da Nm 180 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), a wasu ya haura Nm 250, wasu motocin Volkswagen kuma ana ɗaurewa zuwa wani awo sannan a ƙara juyi da kwana ƙayyadadde. Saboda haka adadin da ke littafin gyaran motarka kaɗai za a bi, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Bindigar iska ta kwancewa ce, ba ta san awo ba, haka ma tsayawa da ƙafa a kan dogon bututu. Noti ko ƙusar da littafi ya ce sau ɗaya ake amfani da su a canza su, musamman masu miƙewa idan an ɗaure da waɗanda ake lotsa bakinsu domin kulle. Kuma kada a sauke nauyin motar a kan ƙafar kafin a gama wannan ɗauri.

Yanzu ga ƙwanƙwasar. Abin da na fi fara dubawa shi ne mafi arha: 'yan sandunan da ke haɗa sandar hana tangaɗi da ƙafa, da robobin da ke riƙe da ita, idan motar tana da su a baya, domin ƙaramin wasa a wurin yana yin ƙarar da ta fi ƙarfinsa. Daga nan sai robar saman shakazoba da bushin ɗin ƙasanta, sannan salansa, wadda idan robar ratayarta ta tsinke takan bugi jikin mota a ɗauka ƙafa ce, har ma da safaya taya da jak da ba a ɗaure su da kyau ba a but. Shakazoba kuwa, ɗan gumin mai a samanta ba laifi ba ne, amma wadda mai ya jiƙe jikinta har ƙura ta manne ta yi laka ta gama aiki. Gwajin danna bayan mota a saki yana kama wadda ta mutu murus ne kawai, wadda ta raunana takan tsallake shi. Alamomin da suka fi gaskiya su ne bayan motar ya riƙa lilo bayan an wuce tudu, ko ya yi tsalle gefe idan an taka rami a kwana, ko irin cin tayar da na ambata. Kamfanonin shakazoba sukan ba da shawarar a riƙa duba ta sosai daga kilomita 80,000, saboda haka idan na asali ne ke jikin motarka har yanzu, da wuya a ce suna da sauran ƙarfin kirki.

Shakazoba bibbiyu ake canza ta, hagu da dama, domin sabuwa a gefe ɗaya da gajiyayya a ɗayan suna sa motar ta riƙa amsa hanya ba daidai ba, musamman a birki mai ƙarfi. A haɗa da robar kare ƙura da robar tsayawa da ke jikin sandarta, kuɗinsu kaɗan ne kuma su ke kare sabuwar. Ba a kama sandar mai sheƙi da filaya domin hana ta juyawa, domin ƙaramin karce zai yanke sil ɗin ciki man ya tsiyaye. Sifirin ma bibbiyu ne, kuma ana canza shi idan ya karye, wanda yawanci a zagayen ƙarshe na ƙasa yake faruwa inda ba a gani, ko idan gefe ɗaya ya zauna ƙasa da ɗayan. Idan sifirin ɗin a jikin shakazobar yake, raba su aiki ne mai haɗari ƙwarai, domin matsattsen sifirin da ya kufce yana iya karya hannu ko ya yi kisa. Wannan ba wurin dabara da igiya ko waya ba ne, sai da matsin sifirin na gaske.

Bushin ana gwada shi da ƙarfen banƙara, a sa tsakanin hannun ƙafa (ƙarfen da ke haɗa ƙafa da jikin mota) da mazauninsa a taɓa. Ƙananan tsage-tsage a fuskar roba tsufa ne kawai, ba su isa dalilin canji ba. Wanda ya yage, ko robar ta rabu da ƙarfenta, ko hannun ya zame ya daina zama a tsakiya, ko irin mai ruwa a ciki da ya tsiyaye, shi ne matacce. Motar da ƙafafun bayanta ke kan ƙarfe guda mai murɗawa manyan bushin biyu ne kawai gare ta, kuma sukan sami alamar fuskar da ake bi wajen dannawa. Mai hannuwa da yawa a kowace ƙafa kuwa tana da bushin masu yawa, kuma a nan ne nake ganin ana yawan canza abin da bai mutu ba, ko a bar wanda ya mutu. Ka nemi a nuna maka wasan kowane ɗaya da idonka. Inda bushin ɗin ƙarami ne a cikin siririn hannu, sau da yawa sayen hannun gaba ɗaya ya fi danna sabon bushin tsabta.

Ga kuskuren da ya fi kowanne yawa a wannan ɓangare, kuma shi ne ɗan'uwan dukan boris da guduma. Bushin na roba ba ya juyawa a kan ƙusarsa. Bututun ƙarfen da ke tsakiyarsa yana kamewa idan an ɗaure, robar ce ke murɗawa sama da ƙasa yayin da ƙafa ke motsi. Idan aka ɗaure ƙusar alhali motar tana sama, ƙafa tana reto, to da zarar an sauke ta robar za ta zauna a murɗe tun kafin a yi tafiya, kowane rami kuma ya ƙara mata murɗar da ta wuce iyakarta, sai ta yage cikin ɗan lokaci, wani sa'in ma bayan motar ya ɗan ɗaga sama da yadda yake. Daidai shi ne a sa ƙusoshin a kama su da hannu, a sauke motar a kan ƙafafunta ko a tura ƙafar sama da jak har ta kai tsayin da take zama, sannan a yi ɗaurin ƙarshe da awo. Ƙusar ƙasan shakazoba ma haka ake yi mata. Duk ƙusar da za a canza a nemo mai lamba irin ta asali, domin abin da aka buga a kanta, kamar 8.8 ko 10.9, ƙarfinta yake nunawa, kuma ba a sa mai ƙaramar lamba a gurbin mai babbar lamba.

Wasu ƙusoshin hannuwan baya suna da wosha mai karkataccen rami wadda da ita ake saita tsayuwar ƙafa. A yi musu alama da fenti kafin a kwance domin a mayar da su kusa da inda suke, amma alamar ba ta maye gurbin saitin ƙafafu a kan na'ura. Duk lokacin da aka canza hannu ko bushin a baya a kai motar a saita ƙafafu huɗu, domin ƙafar baya da ta karkata tana tura motar gefe, sitiyari ya zauna a karkace, taya ta cinye gefe ɗaya. Canjin hob kaɗai, ko shakazobar da ba ta riƙe da saitin ƙafa, yawanci ba ya bukatar haka.

Game da kaya, sunaye irin su SKF da FAG da NSK da NTN da Koyo da Timken a boris, ko KYB da Sachs da Monroe da Bilstein a shakazoba, sanannu ne, amma sanannen suna shi aka fi yi wa jabu, don haka amincin mai sayarwa ya kai sunan muhimmanci. Ban ba da shawarar boris na hannu ba, domin ba a ganin cikinsa, kuma irin da ake dannawa ciro shi ma lalata shi ne.

A kan ko za ka iya da kanka, idan motarka mai hob ne na ƙusoshi huɗu, kuma shakazobarta a rabe take da sifirin, mai haƙuri da ke da matokarai da sifanar awo da littafin motar zai iya. Idan kuwa aikin ya kai ga danna boris, ko danna bushin, ko matse sifirin, ka bar wa mai kayan aikin, kai kuma ka tsaya ka tabbatar da abubuwa uku da na nanata: ta inda aka danna, awon da aka ɗaure, da tsayin da motar take a lokacin ɗaurin bushin. Idan kuɗi bai isa a yi duka a lokaci guda ba, boris da aka tabbatar ya mutu shi ne farko, tare da duk mahaɗin da ke da wasa a fili, sai shakazoba, sannan sauran bushin da suka fara tsufa, saitin ƙafafu da sababbin tayoyi kuma su zo daga ƙarshe domin kada tsofaffin kaya su cinye su.

Bayan an haɗa komai, a ɗaure notocin wili a gicciye da awonsu, wanda a yawancin ƙananan motoci yana tsakanin Nm 100 da 140, a Corolla kuwa 103 ne. A taka birki sau da yawa har feda ta yi tauri kafin motar ta motsa, a gwada birkin hannu, a tabbatar fitilar ABS ta mutu kuma ba ta dawo ba bayan an fara tafiya. A fita gwaji a kan titin da aka saba jin ƙugin, a irin gudun da yake tashi, sannan a taɓa kusa da tsakiyar wilin biyu na baya a kwatanta zafinsu. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notocin wili da sifanar awo. Idan akwai sauran ƙugi alhali tayar da shakazoba ta sassaƙa tana nan a jikin motar, to daga tayar ne, domin irin wannan ci ba ya gyaruwa, sai an canza ta.